Zabuwa Tana Ƙarƙashin Kwando, Barakatu Ta Daka Yaji

Hajiya Tasalla, don Allah ki agaza min da shawara cikin gaggawa. Yau kwana biyu ke nan da zabuwa a ƙarƙashin kwando a gidana, na kasa yankawa, na kasa saki.

Bari in fara da abin daɗin, don bakina ya ƙi rufuwa. Shekara tara da aurenmu, sai bana Allah ya ba matata Barakatu ciki! Wallahi ko a gona nake sai in ji ina dariya ni kaɗai. Matsalar dai ba ta iya cin komai, ko ƙanshin miya ta ji sai amai. Abu ɗaya ta roƙe ni, farfesun zabuwar daji, irin wanda ta riƙa sha tana yarinya, lokacin marigayi mahaifinta yana harbi. Ni kuwa ga zabi sun addabi gonata, suna tone min irin waken suya kamar da su muka shuka. Sai na ɗana tarko, washegari da hantsi na tarar da ɗaya ta kamu, lafiyarta ƙalau.

A hanyar gida aka rikita ni. Abokina Awaisu ya ce duk abin da ya ci maka shuka maɓarnaci ne, kamar gafiya, ba ruwan hukuma. Malam Aƙilu, tsohon maharbin garinmu, ya ce ina, zabuwa naman daji ce, sai mai lasin. Wani malamin makaranta kuma ya ce akwai tsuntsayen da ko ƙwansu ka ɗauka sai kotu, amma ya manta ko da zabuwa a ciki. To Hajiya, wannan wace irin doka ce? Tana gonata ɓarauniya ce, ta doshi tukunyata kuma ta zama ta gwamnati? Ni ko ƙofar ofishin 'yan sanda ban taɓa takawa ba, ba na so ranar suna a ce uban jariri yana bayan kanta. Barakatu kuwa har ta daka yaji, da ta gifta sai ta leƙa kwandon.

Mai Jiran Suna, Gozaki

Malam Mai Jiran Suna, barka da arziki! Ka sa ni dariya da safen nan.

Mutanen nan uku kowa da ɗan abin da ya gano. Dokokin farauta sukan kasa dabbobi kashi-kashi: akwai waɗanda ba a taɓawa sam, akwai na sai da lasin, akwai waɗanda ake kashewa don kare amfanin gona. Amma cin shukarka kaɗai bai halatta maka kowace dabba ba, kuma kowace jiha da nata tsarin. Ni ba lauya ba ce, ba zan yanke maka hukunci daga kan kujera ba. Ka je sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku, ka tambayi malamin daji batun zabi da tarko, ka roƙe shi ya rubuta maka amsar.

Kafin nan, ka duba ƙafar tsuntsuwar. Zabin gida ma har gonaki suke zuwa kiwo, masu su kan yi musu shaida a yatsa. Kada ka tsere wa kotu ka faɗa hannun maƙwabciya.

Kwaɗayin mai ciki kuwa ba abin wasa ba ne. Ka sayo zabuwar gida a kasuwar Bakori, ka faɗa mata gaskiya, don 'yar maharbi ce, da loma ɗaya za ta gano ka. Ka ɗauko mahaifiyarta ta dafa mata da hannunta, ina zaton rabin abin da take kewa ke nan. In aman ya ƙi tsayawa, ku faɗa wa ma'aikatan awo.

In ta tabbata zabuwar ta daji ce, yau ɗin nan ku mayar da ita inda aka kamo ta. Damina ce, lokacin da zabi ke saka ƙwai, mai yiwuwa nata suna can cikin ciyawa suna jiranta. Ka gaya wa Barakatu haka, sannan ka bar mata zaɓi. Na tabbata da hannunta za ta ɗaga kwandon.

Allah ya sauke ta lafiya, ya nuna mana ranar da za ka tsaya a ƙofar gidanka kana raba goro.