Ƙwayoyin Inna da Tamada

Yelwa, Yauri
3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Sahabi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Zainabu da yara. Ya Kaduna, ya aiki? Mu nan sai godiya.

Albishirinka, Yauri ta ci gaba. Likitocin zuciya sun zo mana yin bincike, masu kirki, masu fara'a, har kujera suke ja wa tsofaffi. Sun auna Inna, suka ce zuciyarta ta gaji, shi ya sa take haki, ƙafafunta suke kumbura. Suka ba ta maganin da aka saba, suka hana ta gishiri, sannan suka ɗora mata wata sabuwar ƙwaya da suke gwadawa, wai kyauta. Shekara ashirin ina sarin kifi a bakin ruwa, ban taɓa ganin kyautar da sai an dangwala yatsa a shafi shida ba.

Na karanta takardar sau biyu, na kuma karanta wa Inna. Ashe rabin mutanen ne ake ba maganin gaske, rabin kuwa ƙwayar wofi ce, gari aka dunƙule, kala ɗaya, girma ɗaya. Na tambayi Zuliha, nas ɗin da ke raba kwalaben, ko wace iri ce Inna ta samu. Wai ita ma ba ta sani ba, likitan ma bai sani ba, na'ura ce ta yi ƙuri'a. Ni ko bandar kifi ba na saye a rufaffen kwando.

Na so in cire Inna daga binciken, ta ƙi, saboda an ɗauki ƙawarta Tamada, wadda suka taso tare a Warra. Kuma gaskiya duk Talata ana auna su, in ta fita ba mu da wani likitan zuciya kusa. Na bar ta, amma idona yana kansu.

Taka ƙanwa,
Hafsatu

Yelwa, Yauri
9 ga Yuni

Yaya Sahabi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ina da labari. Wata uku ina gadin likitoci, ashe maguɗin a ɗakin Inna ake yin sa.

Ran Laraba da safe na kai mata koko, na tarar da ita da Tamada sun juye kwalabensu biyu a kwano ɗaya, sun gauraya da cokali, suna rabawa ɗaya-ɗaya kamar gyaɗa. Tun ranar da na karanta mata takardar suke haka. Hujjarta ita ce, shekara hamsin suna cin tuwo a kwano ɗaya, ba za ta sha na gaske ba ƙawarta tana haɗiyar gari.

Kwana biyu ina juya abin a raina. In na yi shiru, ban san abin da ke shiga cikinta ba. In na faɗa, a kore ta. Daga ƙarshe na je na gaya wa Zuliha. Likitan ya dafe kai, ya ce dole ya san abin da suka sha, ya buga waya aka buɗe masa sirrin ƙuri'ar.

Yaya, duka biyun wofi ne.

An cire sunansu daga binciken, amma za a ci gaba da auna su duk Talata da ba su maganin da aka saba. Inna ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, wai na tona musu asiri. Kumburin kuwa ya sauka, jiya da ƙafarta ta je bakin ruwa ba ta huta ba. Likitan ya ce tsohon maganin ne da barin gishiri. Ya yi mini bayani cikin ladabi, kuma ladabin nan ne har yanzu bai kwanta mini ba.

Ka gaida Zainabu da yara. Allah ya bar zumunci.

Taka ƙanwa,
Hafsatu

Af, na manta. Kai da ka yi boko mai zurfi: in wofi gauraye da wofi ya kai Inna bakin ruwa, mene ne za su sayar mana in sun gama binciken?