Kundayen da Malam Joda Ya Ara Mini

Malam Idi, salamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka sakaya sunana, domin jaridar nan hannu-hannu ake karanta ta a ɗakin malamanmu. Abokin aikin da zan yi magana a kansa ma na sauya masa suna.

Na gama digirin farko a fannin tarihi a watan Yuni na 1976, na yi bautar ƙasa a Kudu, yanzu ina koyarwa a wata sakandare a nan Potiskum. Jami'armu ta karɓe ni digiri na biyu, amma da sharaɗi. Sai na aika da babin da ake kira bitar ayyukan da suka gabata, wato in tattaro abin da masana suka rubuta a kan cinikin shanu a yankinmu, in nuna inda nawa binciken zai shiga. Idan malamin da zai duba ni, wanda zan kira Dokta kawai, ya amince da babin kafin ƙarshen Yuli, za a ba ni hutun ƙaro ilimi. Malami ɗaya tak makarantarmu za ta saki bana.

Na aika da na farko a watan Maris. Ya dawo da jan alƙalami, Dokta ya ce abin da na rubuta kirari ne, ba bita ba. Ban ji haushi ba, amma ban gane ba. A zauren mahaifina a unguwar Yerimaram na fara karatu, asalinmu mutanen Borno ne, kuma abin da na tashi da shi shi ne ɗalibi ya kawo maganar malami, ya yi masa addu'a, ya rufe da Allah ne masani. Haka na bi littattafan da na samu ɗaya bayan ɗaya.

Sai Malam Joda, mai koyar da labarin ƙasa, ya ga takardar a kan teburina. Ya girme ni, mutumin Damagum ne, kwano ɗaya muke ci da rana. Ban roƙe shi ba, washegari ya kawo mini kundaye uku na waɗanda suka riga suka gama digiri na biyu, ya ce wani ɗan uwansa ne ya aro masa, in duba yadda ake yi in kwaikwaya. Na yi godiya ƙwarai.

Da na zauna karantawa sai na ga abin da ban zata ba. Dukkansu suna sukar littattafan da suke bita. Wannan ya ce marubuci bai zo ƙasar ba, wancan ya ce hujja ba ta kai ba. Wanda Joda ya ɗora a sama kuwa, akwai shafin da aka lanƙwasa kusurwarsa, kuma a shafin nan ɗan littafin Dokta ne da kansa ake suka. Dokta ya rubuta cewa makiyayi ba ya sayar da saniya sai matsuwa ta kama shi. Mai kundin ya ce wannan bai game ko'ina ba.

To Malam, ga abin da ya hana ni sukuni. Joda ma yana neman hutun nan, bara ya nema bai samu ba. Me zai sa mai neman abin da nake nema ya taimake ni? Me ya sa wannan kundin ne a sama, kuma wa ya lanƙwasa shafin? Na duba lanƙwasar, ban iya cewa sabuwa ce ko tsohuwa ba, ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Amma sau biyu na gan shi yana fitowa daga ofishin shugaban makaranta yana murmushi, kullum kuma sai ya tambaye ni ko na kai shafin da ke da daɗi. Ina tsoron so yake in koyi ɗaga wa malamina murya, Dokta ya kore ni, hutun ya faɗo hannunsa.

Abin da ya ƙara rikita ni, ina ganin mai kundin ya fi gaskiya. Ina shiga kara, wato kasuwar shanu, ranar kasuwa, na san makiyayan da suka zauna a gari, suna kiwo ne don sayarwa, ba matsuwa ba. Idan na rubuta haka, na soki wanda zai sa mini hannu. Idan na yi shiru, kirarin da ya ƙi zan sake aika masa. Na daina cin abinci da Joda, na ce masa cikina ne. Yaya zan yi?

Naka,
Mai Taka-tsantsan, Potiskum

*

Ɗana Mai Taka-tsantsan, wa alaikumus salam.

Zuciyar Joda ni ban gani ba, kai ma ba ka gani ba. Yana da dalilin da zai so ka faɗi, wannan gaskiya ne, kuma ban ga laifinka ba da ka buɗe ido. Amma mai son ka faɗi yana da hanya mafi sauƙi: ya bar ka ka sake aika kirarinka. Shafin da aka lanƙwasa yana iya zama tarko, yana iya zama shi ne kawai wurin da ya shafi aikinka kai tsaye. Ka tambayi Joda a fili wa ya lanƙwasa. Ƙaryar ciwon ciki kuma ka bar ta haka.

Ko da wace niyya aka kawo su, kundayen nan abin da suke koya maka daidai ne. Kuma ba baƙon abu ba ne a zauren mahaifinka. Ka tambaye shi game da sharhin da ake rubutawa a gefen littattafan fiƙihu. Sau nawa mai sharhi yake yi wa shehinsa addu'a, sannan ya ce a wannan magana akwai abin dubawa? Ladabin ka ɗauko, ka baro dubawar.

Ka sake karanta kundayen, amma kada ka kula da wa suka soka. Ka kula da gininsu. Za ka ga ba sa bin littattafai ɗaya bayan ɗaya, suna tara masu ra'ayi ɗaya wuri guda su fuskantar da su da masu saɓa musu. Ka lura da kalmomin da suke sauka da su daga yabo zuwa gyara, da wurin da suke cewa ga giɓin da ya rage. In ka gane wannan, ka mayar wa Joda kayansa kafin ka ɗauki alƙalami. Haɗarin da ke gabanka ba sukar Dokta ba ne, kwashe kalmomin wani ne ka sa a matsayin naka. Wannan shi ke korar ɗalibi, kuma babu mai iya jefa ka ciki sai kai. Inda ka ɗauki ra'ayin mai kundin, ka ambaci sunansa. Littafin da ba ka riƙe da hannunka ba, kada ka yanke masa hukunci don wani ya yanke.

Maganar Dokta kuwa, ka kawo ta cikakkiya, ka faɗi inda ta yi daidai, sannan ka ce abin da ka gani a karar Potiskum ya sa kana son ka bincika ko ta game ko'ina. Ba sai Joda ya ga babin ba kafin ka kai shi gidan waya.

Ba zan yi maka alkawarin Dokta zai ji daɗi ba, malamai ma mutane ne. Amma shi ya ce ba ya son kirari, ka ɗauke shi a kan maganarsa. In kuwa ya ƙi ka saboda gyara mai ladabi da hujja, gara ka sani a Yulin nan, da ka sani bayan ka ba shi shekara biyu na rayuwarka.

Allah ya buɗa maka, ya sa ka ga alheri. Ka gaida mahaifinka.

Malam Idi