Idon Malam

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan tarin ƙaramin ya sake shi. Da hannuna nake rubuta wannan, don maganar ba ta jin kowa ba ce. In layi ya karkace, ki yi haƙuri.

Idon babanki ya tafi, Auta. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama duhu ne, na hagu yana ganin mutum amma ba ya ganin rubutu. Makaranta ba su sani ba. Shekara talatin da huɗu yana koyar da Fiziks, littafin duk yana kansa, sai ya tsaya gaban allo ya yi ta rubutawa da ka. Yara dai cewa suke Malam ya tsufa, rubutunsa na gangarawa. Saura wata huɗu ya yi ritaya.

Tun farkon zangon nan ni nake karanta masa aikin aji. In ya dawo bayan la'asar sai mu zauna a teburin falo, ni da littattafan yara, shi da jan biro. In karanta, ya ce uku, ko ya ce sifili, in ɗora masa hannu inda zai rubuta. Kin san karatuna, na shekara biyu ne a ajin manya. Akwai alamomin da ban san sunansu ba. In ce, "Ga kifin nan ya dawo." Ya ce, "Alfa ce, baiwar Allah, sau nawa zan faɗa?" In ce, "To ni kifi na gani." Ranar nan har dariya ya yi. Amma makon jiya na tsallake wata 'yar lamba da ke maƙale a saman wata, ya ba wata yarinya sifili. Ta biyo shi har ƙofar gida da littafinta tana kuka. Ashe daidai ta yi. Ranar daga ni har shi ba wanda ya taɓa abinci.

Yanzu ga jarrabawar ƙarshen shekara, takarda ɗari da arba'in, da ita ake tace wanda zai wuce aji. Ba zan iya ba, ina tsoron haƙƙin 'ya'yan mutane. Ke kin san abin nan. Ki zo ko kwana goma ne ki karanta masa, ya gama da mutuncinsa. Bai san na rubuto ba.

Allah ya yi miki albarka.
Ummanki

Umma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, tarin ma ya yi sauƙi. Rubutunki ya fita tsaf.

Na yi kuka da na ji zancen idon, ba zan ɓoye miki ba. Amma Umma, a rasa wa za a kira sai ni?

Shekara goma sha shida ke nan. Ranar jarrabawar fita sakandare shi ke tsaron ɗakinmu, ya ga layi biyu da fensir a bayan rulata. Tun lokacin bita na rubuta su, na manta ban goge ba, ko juya rular ban yi ba. Na ce, "Baba, wallahi mantuwa ce." Ya ce, "Nan babu Baba." Da hannunsa ya rubuta rahoton satar amsa. Aka soke sakamakona, aka hana ni zama shekara uku. Kin durƙusa masa a ƙofar kicin, ina kallo, ya ratse ki ya wuce. A taron iyaye aka yi ta tafa masa, wai Malam ko 'yarsa bai bari ba. Ni da nake son zama injiniya, yau ina bayan kanta a shagon kayan lantarki, ina lissafa wa masu gyara kaurin wayar da za su saya, su tafi ko sannu babu.

Yanzu mutumin da ba ya ganin takarda yana ba ta maki a ɓoye, wata uku cur. Wannan mene ne sunansa? Wa zai rubuta nasa rahoton?

Zan zo, amma ba a sace ba. Ba cewa na yi ya ba ni haƙuri ba, na daɗe da daina jiran wannan. Ya dai ce da bakinsa, "Auta ta zo." Shi ke nan.

Ki huta lafiya, ki riƙa cin abinci don Allah.
Auta

Autata,

Sallama da gaisuwa, a shafa mini kan yara.

Na yi kuskure. Ya ji ƙarar yaga ambulan ɗin wasiƙarki ya ce wasiƙar wa ce, ni kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Ya ce in karanta. Da na zo wurin rahoton nan na tsallake, sai ya ce, "Kin tsallake layi." Wata uku yana sauraron karatuna, ya san inda numfashina ke canzawa. Na koma na karanta duka, har ƙarshe.

Washegari ya ce in ɗauko takarda. Ya faɗa, na rubuta: cewa ba ya gani tun farkon zango, cewa ya ɓoye, cewa wadda ba malama ba ce ta karanta masa aikin ɗalibai, a sake duba makin duka, a yi masa abin da doka ta ce. Na ɗora masa hannu ya sa hannu. Na raka shi ofis.

Firinsifal ɗin ɗalibinsa ne na da. Ya karanta, sai ya kwashe da dariya. Ya ce, "Haba Malam! A kan wannan ka taso Hajiya cikin ranar nan? Wa yake karanta takarda ɗari da arba'in yanzu? Ka san yaran nan, ka san mai ƙwaƙwalwa, ka san mai kan dutse. A karanto maka suna, ka faɗi maki." Babanki ya ce, "Ban taɓa ba da makin da ban karanta ba." Ya ce, "Shi ya sa muke alfahari da kai." Ya ninke rahoton ya mayar masa a aljihun riga, yana bubbuga masa kafaɗa kamar yaro.

Takardun an ba wani sabon malami. Tsakanin azahar da tashi ya gama da su. Babanki kuwa an ce ya huta. Kullum zai shirya ya tafi, ya zauna a ɗakin malamai kusa da taga har a tashi. An ce za a yi masa babban taro in ya yi ritaya, a ba shi agogon bango.

A hanyar dawowa daga ofis ranar nan, yana riƙe da gwiwar hannuna, ya ce, "Ashe ba wanda ke dubawa." Ni da ban taɓa mayar masa da magana ba, na ce, "To 'yarka fa? Don wa ka yi?"

Ba sauran takardar da za ki karanta. Ban san me zan ce miki ba.

Ummanki

Umma,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau uku a tsaye a shago. Na zaci zan ji daɗi, ban ji ba.

Maigida ya ce zai riƙe yara, mai shago ya ba ni mako guda. Jakata a haɗe take. Abu ɗaya nake tambaya, ki faɗa mini gaskiya: ya ce in zo?

'Yarki,
Auta

Auta,

Wa alaikis salam.

Biro a hannuna yake, shi kuma ba ya ganin abin da nake rubutawa. Da na so, sai in rubuta miki e.

Na tambaye shi sau biyu. Na farko ya juya fuska. Na biyu ya ce, "Da wane baki?"

Bai ce ba, Auta. Ni ce nake cewa. Ki zo.

Ummanki