Wurin da Wendell Yake Kwance

Galena Fork, cikin watan Satumba

Zuwa ga Yayata Arvilla,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Darlene da yaranta. Allah ya kawo miki sauƙin gwiwoyin nan. Mu ma lafiya lau. Kamar kullum ni nake faɗa, matata Opal ke rubutawa, don haka in kin ga magana mai laushi, tata ce. Na so in buga waya, amma kunnenki ba ya ɗauka yanzu, kuma wannan ba maganar ihu ba ce.

Yaya, ina gida. Mun hau har garinmu da motar nan tamu mai gado da murhu, tana nishi a hanyar dutse kamar tsohuwar saniya, Opal ta runtse ido tana addu'a. Mun kafa ta a filin saukar matafiya, bakin rafi, daidai inda Mama take shanya. In na buɗe ƙofa da safe dutsenmu ne a gabana, ganye duk ya yi rawaya, iskar ma ƙamshinta bai canza ba. Wata a kantin tsaraba ta tambaye ni ko zuwana na farko ke nan. Na ce mata a bayan kantinta aka yanke mini cibiya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mutanen gari suna gyara maƙabarta. Allunan katako duk sun ruɓe, za a sa na dutse, amma babu wanda ya san wa ke ina. Tunda Baba ne mai haƙan kabari, ni kuma mai riƙe masa shebur, na zagaya da su ina nunawa: nan mutanen da ramin azurfa ya rufta wa, can matar fasto, can maƙerin nan mai ido ɗaya. Sai shugabarsu ta tambaye ni ina ƙanenmu Wendell yake. Yaya, ban san wurin ba.

Kin tuna a tsakiyar hunturu ya rasu, ƙasa ta daskare, diga ba ta shiga, aka ajiye shi a rumfar bayan coci har ƙanƙara ta narke. Kafin nan an tura ni kwari kiwon tumaki. A shekarar aka rufe ramin azurfar, kuka sauko kuka same ni. Mama ba ta son zancen, ni kuma ban tambaya ba, kuma duk zuwan da na yi daga baya allonsa ya riga ya faɗi. Ke ce kika tsaya kusa da Mama ranar da aka binne shi. Babu wanda ya rage sai ke.

Sun ce za su rubuta sunansa a babban dutse a bakin ƙofa, tare da waɗanda ba a san makwancinsu ba. Na ce atafau, Wendell ba baƙo ba ne a garin nan. Mai filin da muka sauka ta ce ƙarshen wata za ta rufe ruwa kada famfo ya fashe, bayan haka ƙanƙara za ta toshe hanya. Ɗana Royce kuma ya rantse da mun sauka zai karɓe makullin motar, wai idona ya gama aiki, ka ji yaron da na koya wa tuƙi! To, babu baɗi a gare ni. Opal ta ce ni tsohon alfadari ne, za a tsince mu a daskare. Na ce in haka ne sai su ajiye mu a rumfar coci, na san wurin.

Ki zo, Yaya. Darlene ta kawo ki, gadon baya naki ne, ni zan kwana a kujerar direba. Zan riƙe ki mu shiga a hankali. In kuwa jiki ya ƙi, ki rufe ido ki tsaya a ƙofar maƙabartar, ki faɗa wa Darlene abin da kika gani ta rubuto. Hagu kuka yi ko dama? Kina jin ƙarar rafi daga wurin? Na hana mai sassaƙa dutsen taɓa sunan, kuma ba zan tayar da motar nan ba sai na ji daga gare ki.

Ki gaishe da Darlene, da mijinta Lowell, da jikokinki duka. Opal tana gaisuwa, ta ce ki taho da bargo.

Ƙanenki mai kewarki,
Delmar