Ba Zan Rufe Kifin Kalmalo da Rubutu Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Duba Darussan Bidiyo,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Mutane da yawa sun ɗauka darasin da ba a cika shi da rubutu ba hira ce, ba karatu ba. Da alama kwamitinku ma haka ya ɗauka. Ni malamar kimiyya ce a nan Illela. Na je tafkin Kalmalo na ɗauki bidiyon tarwaɗa, na ɗora muryata ina bayanin yadda kifi ke numfashi. Kun dawo mini da shi, kun ce sai na rubuta duk abin da na faɗa a kan hoton, in ba haka ba a cire darussana daga ajujuwa.

Ban yarda da wannan ba, ga dalilaina. Na farko, na gwada umarninku kafin in yi magana. Rubutu ya hau, kifi ya ɓace a bayansa. Ɗalibata Hassatu, 'yar Fulanin wajen Tozai, wadda Hausa ma a waje ta koye ta, ta ɗaga hannu ta ce: "Malama, mi zan kalla, kifin ko baƙaƙen?" Kafin ta haɗa jimla ɗaya, kifin ya buɗe baki ya rufe, abin da ake son ta gani ya wuce.

Na biyu, ido ba ya aiki biyu lokaci guda. Masuncin da ke koya wa ɗansa gyaran koma, hannu ke nunawa, baki na bayani. Ido na kan hannu, kunne na kan baki, babu mai tare wa wani hanya.

Na uku, ni ba maƙiyiyar rubutu ba ce. Sabuwar kalma ina rubuta ta a gefe. Yaron da ba ya ji sosai ina ba shi bayanin a takarda. Amma in rufe kifin, Yallaɓai, ba zan yi ba. In cirewa ce, a cire da sanin dalilina.

Roƙona ɗaya ne. Bidiyon biyu, mai rubutu da marar rubutu, suna wayata. Ka zo ajinmu ka zauna a benci kusa da Hassatu, ka kalli kowanne, sannan ka faɗa mana a wanne ka ga kifin ya yi numfashi.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Malama Asabe,
Illela