Abin da Aka Faɗa wa Baƙi a Gonar Tumatir

Bunkure, 12 ga Janairu, 1986

Zuwa ga yayana Garzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Iya tana gaishe ka, ta ce ka yi wuyar gani.

Yaya, maganar mai gidana ce ta sa na rubuto. Ka san wannan ne raninsa na uku yana feshi a gonar tumatir ta kamfani. Bana sun kawo wani sabon maganin ƙwari mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da hannu suke dama shi, kuma tankin da yake goyawa yana yoyo, rigarsa takan jiƙe tun daga wuya har ƙugu. Idan ya dawo sai jiri da amai, yawu yana zuba. Shekaranjiya ya kasa kai kofin koko bakinsa saboda rawar hannu. Sun nemi safar hannu, heluma, wato shugaban leburorin, ya ce su sha madarar gwangwani, ita ce ke kashe dafin.

Tunda aikinka duba lafiyar ma'aikata ne, ka taimake mu. Bai san na rubuto ba.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Rekiya

Kano, 25 ga Janairu, 1986

Zuwa ga ƙanwata Rekiya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direban bas, na kuma fahimci abin da ke ciki. Allah ya ba Hambali lafiya.

Ki sani, dokar da muke aiki da ita ta masana'antu ce, gona ba ta ciki, don haka ba ni da ikon rufe musu wuri. Amma akwai dama. A wata mai zuwa wasu baƙi biyu za su zo daga Turai, don su ga ko ƙasarmu na bin ƙa'idojin kare ma'aikata da duniya ta yarda da su. An sa gonar kamfanin nan cikin wuraren da za a kai su, ni ne kuma tafinta. Abin da suka rubuta gwamnati tana jin nauyinsa. Ki gaya wa Hambali ya faɗi gaskiya idan an tambaye shi.

Kafin nan, ya riƙa wanka da sabulu da zarar ya tashi aiki. Madara ba ta maganin komai.

Ki gaishe da Iya. Wassalam.
Yayanki,
Garzali

Bunkure, 23 ga Fabrairu, 1986

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Kun zo har bakin kanal ɗin ban ruwa ba ka leƙo gida ba, amma na san aiki ne.

Mai gida ya ba ni labari yana ta murmushi. Ya ce da safe aka raba musu riga da wando shuɗi, da takalman roba, da safar hannu, da abin rufe hanci, duk sababbi fil, aka ɗauke su hoto. Ya ce da Baturiyar da ke cikin baƙin ta tsaya a gabansa, kai ka tambaye shi da Hausa, "Kullum ana ba ku waɗannan kayan?" Shi kuma ya ce, "Ranki ya daɗe, yau na fara ganinsu. Dubi hannuna." Ya ce ka juya mata da Turanci ba ka ko yi gargada ba, ta rubuta a littafinta.

Motarku na wucewa heluma ya karɓe kayan, aka kulle a sito. Mai gida bai damu ba. Ya ce wa abokan aikinsa, "Ku yi haƙuri, surukina ya isar da saƙo, amsa na nan tafe." Yanzu su Sammani da suke feshi tare kullum sai sun tambaye shi ko ka aiko. Na so ya bar aikin, ya ce ba zai bari ba ana dab da gyara.

Allah ya saka maka da alheri, Yaya. Yaushe amsar za ta zo?

Taka,
Rekiya

Bunkure, 30 ga Maris, 1986

Yaya,

Sallama. Wannan ce takarda ta uku tun zuwanku, ban ji daga gare ka ba. Lafiya kuwa?

Ranar Talata mai gida ya faɗi a tsakiyar kunyar tumatir da tankin a bayansa. A amalanke aka kai shi titi, daga nan asibiti a Kura. Numfashinsa yana yin sama, idonsa ba ya gani sosai. Likita ya tambayi sunan maganin, babu wanda ya sani, don an cire takardar jikin galan ɗin. Kamfani sun ce zazzaɓi ne. Idan ya farfaɗo kai yake tambaya.

Don Allah ka yi magana.

Rekiya

Kano, 3 ga Afrilu, 1986

Rekiya,

Assalamu alaikum. Takardunki duka sun iso. Kunya ce ta hana ni amsawa, yau kuma dole in faɗa.

Ban isar da saƙon Hambali ba. Tun a mota shugabana ya ja ni gefe ya ce, "Garzali, ba mu kawo baƙi don mu kunyata ƙasarmu ba. Ka kuma san ana rage ma'aikata." Da Hambali ya yi magana, shugabana yana tsaye a damana, manajan gonar yana haguna. Na dubi hannun nan da fatarsa ta saɓule, sannan na ce wa Baturiyar, "Ya ce e, kullum ana ba su." Ta tambayi hannun, na ce ƙunar wuta ce. Abin da ta rubuta ke nan.

Na ce wa kaina zan gyara daga baya. Da na ji ya faɗi, na rubuta gaskiyar abin da ya faru na kai wa shugabana. Ya karanta ya miƙo mini, ya ce rahoto ya riga ya tafi Legas, kuma an yaba wa gonar a ciki. Na nemi adireshin baƙin, an ce ba hurumina ba ne.

Babu amsar da ke tafe, Rekiya. Ki gaya masa, ki gaya wa su Sammani su ajiye tankunan nan. Na binciko sunan maganin, ga shi a ƙaramar takarda, ki ba likita yau. Ranar Asabar zan zo in roƙe shi gafara da bakina.

Yayanki,
Garzali

Bunkure, 6 ga Afrilu, 1986

Yaya Garzali,

Wa'alaikumus salam. Ba ka zo jiya ba. Direba ya ce ya gan ka a tasha, ka juya.

Takardarka ta same ni ranar Juma'a da hantsi, na kai wa likita sunan maganin, ya ce an makara. Allah ya yi wa mai gida cikawa bayan la'asar. Na gaya wa su Sammani. Biyu sun bari, huɗu sun koma, sun ce ba su da wani aikin.

Shi mai gida, kafin ya cika, ban karanta masa takardarka ba. Ya tambaye ni ko amsar Turawa ta zo, na ce tana hanya. Ya ce in gode maka. To, na isar.

Ranar Alhamis za a yi sadakar bakwai. Iya ba ta san komai game da abin da ka rubuto ba. Idan ka zo ka gaishe ni a gabanta, zan amsa. Kada ka nemi fiye da haka a wurina tukuna.

Ka huta lafiya.
Rekiya