Gyare a Kunnen Hagu

Asabar, 6 ga Yuli
Wunin biki a Tsafe. Tun azahar ina tsugunne a gindin lasifika ina murɗa sauti, don wayarmu gajeriya ce, ba ta barin teburina ya yi nisa. Shekara da shekaru a haka. Mahadi mawaƙinmu ya sha liƙi, ni na sha ƙara. Na dawo Gusau da gyaren nan da ke yi mini kuka a kunnen hagu. Da ma ya saba, kafin gari ya waye yake yin shiru.

Talata, 9 ga Yuli
Bai yi shiru ba.

Juma'a, 12 ga Yuli
Inna ta kira daga Nahuce. Muryarta can ƙasa-ƙasa, ni kuwa sai "to" da "madalla" nake zuba mata. Da yamma ƙanwata Hafsatu ta turo saƙo tana faɗa, wai Inna na gaya mini zazzaɓi ya kwantar da ita, ni ina ta madalla. Na ɗora wa sabis laifi. Sabis bawan Allah, ya sha ɗaukar kayana.

Asabar, 20 ga Yuli
Biki a Bungudu.
An yi ruwa da hantsi, filin duk a jiƙe. Inda muka yi haɗin wayar wuta, leda ce kawai a naɗe, kamar kullum. Waƙa ta yi daɗi, Mahadi ya cire takalmi ya sauko cikin mata yana taka rawa, sai wuta ta ja shi ta makirufo, hannun ya ƙi saki. Ƙa'idarmu, in abu ya faru, a ƙwala mini kira in kashe wuta. An ce Haliru makaɗi ya kira har muryarsa ta dushe. Ni na ba su baya ina gyara wata waya. Sai da ya tsallake ganga ya kashe janareto, sannan na waiga na ga bakuna a buɗe, Mahadi a ƙasa.

Lahadi, 21 ga Yuli
Na je duba shi. Tafin hannun ne ya ƙone, Allah ya taƙaita. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Adamu, mi ya same ka ne wai?" Na ce hankalina ne ya tafi wani wuri. Gara a ce mini sakarai. Mai haɗa sauti da ba ya ji, wa zai ɗauke shi? Ba wanda na iya gaya wa. Na ci tuwo ni kaɗai, ni da gyare.

Alhamis, 25 ga Yuli
Likitan kunne ya ce abin da ya tafi ya tafi, sauran kuwa zan iya riƙe shi in na rabu da gindin lasifika. Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Lahadi, 4 ga Agusta
Jiya Haliru ya zo ɗaukata zuwa biki a Kucheri, na ce bayana ke ciwo. Kuma yana ciwon, kaɗan. Na wuni a ɗaki, ƙofa a rufe. Tsoro nake ji, gaskiya.
Yau da safe maƙwabciyata Naomi ta tare ni a bakin famfo tana mita, wai masu bikin bayan layinmu sun hana jaririnta barcin rana jiya da kiɗa. Bakinta nake kallo, ta nan na kama zancen. Na ce wallahi ni ma sun dame ni.
Ban san an yi biki ba.